Kunyoyin Habu a Duwatsun Gini

A Paki, idan na ce na ga maciji, tambayar farko da ake yi mini ita ce, "Kafin ka ƙara masa tsawo, yaya yake?" Shi ya sa ake kirana Sale Ƙari, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba. Labarin da ba a sa masa gishiri ba, wa zai bar aikinsa ya zauna saurare? Na faɗi wannan tun farko ne don mai karatu ya san da wa ya haɗa hanya. Duwatsun da zan ambata, in ka ga dama ka rage musu rabi. Sauran kuwa ka bar shi yadda na kawo shi.

Ƙanina Habu, autanmu, ya bi fataken goro zuwa Saliyo ana saura kaɗan a sauke tutar Ingila, wai zai haƙo daiman. Bahago ne, marar magana, mai taurin kai kamar jakin da ya ga gada. Kowa ya tafi da buhu da dogon buri, shi kuwa ya tafi da ruwan garmarsa a jaka da ɗan ƙullin irin dawa, ya ce ai ƙasa ƙasa ce ko ina take. Damina huɗu ba shi ba labarinsa. Inna idonta ya riga ya tafi, sai kunne ya rage, kunnen nan kuwa kullum yana bakin zaure. Ranar da ta aike ni, ta ɗaura mini curin mazarƙwailar Makarfi biyu a tsumma, ta ce na Habu ne.

"Sale, kai ne mai baki, kai za ka iya tambaya. Amma ka ji, ba labari na aike ka ka kawo mini ba. Labari ko kana zaune a nan ma kana da shi. Shi nake so, in ji muryarsa kafin a kai ni."

Ba zan ɓata takarda kan lori da jirgin ruwa ba, duk wanda ya taɓa yin amai ya san labarin. Zan fara daga zangon Hausawa na ƙasar Kono, inda na sauka damina ta raba tsakiya. A nan aka gaya mini an daɗe da korar baƙi marasa takarda daga ramukan daiman, da yawa sun tsallaka duwatsu sun faɗa Gini. Ina tambaya a ƙofar masallaci sai wani dogo mai wushirya ya rungume ni.

"Ɗan Paki? Ikon Allah. Garba ne sunana, ɗan Kudan. Habu Bahago ai tare muka ci tuwo. Gobe in kai ka har inda yake, ɗan'uwa."

Ni ba yaro ba ne, na jarraba shi. Na tambaye shi ranar kasuwar garinsu, ya faɗa. Na tambaye shi hanyar Taba, ya lissafa mini har tsamiyar da ake hutawa. Washegari muka kama hanya, ya ce in ba shi babbar rigata da takalmina ya sa a jakarsa ta fata kada ruwa ya ɓata su. Curin mazarƙwaila ɗaya ma ya karɓa ya adana mini. Da azahar muka iso wata gada da aka saƙa da jijiyoyin kurmi, tana lilo a kan kogi kamar an shanya tsohuwar ragaya. Ya ce ba ta ɗaukar mutum biyu, in fara hayewa. Na haye da rarrafe, ina karanta duk abin da na iya da wanda ban iya ba. Da na isa ƙetare na waiwaya, babu Garba, babu jaka.

Abin da ya fi ƙona mini rai har yau shi ne bai yi mini ƙarya ba a kan garinsu. Ɗan Kudan ne na gaskiya.

Komawa kan gadar nan ya fi ƙarfina, sai na yi gaba, daga ni sai 'yar shara da wando, da curi ɗaya ɗaure a ƙugu. Jama'a, mu mutanen Ikara ba mu san dutse ba. A ƙasarmu mutum zai taso daga Malikanchi da safe, ka hango shi, ka sa a dama masa fura kafin ya iso. A can kuwa kana hawa sai gwiwarka ta gaisa da haɓarka. Ka kai ƙoli kana murna, sai ka tarar wannan ɗan ne, uban yana baya yana jira. Gajimare yana sauka ƙasa ya zauna a hanya kamar mai karɓar haraji. Ruwa ba ya ɗaukewa, sai dai ya rage murya. Matsattsaku suka sha jinina har na fara jin tausayin na ƙarshen, don abin da suka samu ruwa ne kawai. Mazarƙwailar nan ta soma narkewa, tururuwar Gini kaf suka samu labari, suka yi mini rakiya.

A gindin wani dutse na tarar da wani dattijo yana salla a kan fata, jakarsa ta gishiri da taba a gefe. Bafillacen Futa ne, sunansa Mamadu, yana bin ƙauyukan duwatsu yana musayar gishiri da shinkafa. Inna Bafillatanar Malikanchi ce, saboda haka ina jin Fillanci, ko da yake nawa da nasa sun gaisa ne kawai daga nesa. Na kira shi Kawu, ya dube ni sama da ƙasa.

"Ɗan Kaɗo, wa ya yi maka tsirara?"

"Ɗan'uwana ne, Kawu."

"Ai na sani. Baƙo da wando zai haɗa."

Na ba shi labarin Habu. Ya ce Hausawa da yawa sun bi ta nan, duk kamarsu ɗaya, duk tarinsu ɗaya. Bai ce zai taimake ni ba. Ya dai ɗora mini jakar gishiri a ka, ya wuce gaba.

Ƙasar shinkafa ce, daga bakin kwari har kafaɗar dutse. Ba sa huɗa. Su sassabe daji da adda, su ƙone, su watsa iri, su ɗan yaƙushi ƙasa da wata 'yar fartanya wadda a Paki ko yaro ba zai yi kuka a kanta ba. Shinkafar ta fito kore shar a gangare, iska na kwantar da ita, mata na kan rumfuna masu dogayen dirkoki suna korar tsuntsaye da majajjawa. Abin da kyau, ba zan hana su ba. Amma kyan da ba ka da kowa a cikinsa ƙara maka yunwa yake yi. Safe shinkafa, rana shinkafa, ja ce, da manja da ganyen rogo. Na yi mafarkin tuwon dawa da miyar kuka har na farka ina lashe hannu. Duk ƙauyen da muka shiga sai in yi ta kwatance, in ɗaga hannun hagu, in yi shiru in ɗaure fuska irin na Habu. Su yi dariya, su ba ni ruwa, su girgiza kai.

Na riga na fara shirya abin da zan gaya wa Inna, sai muka kai wani ƙauye a kan tudu, wanda ban iya faɗar sunansa ba sai in na toshe hanci. Muna gangarowa na ga wata tsohuwar gona da ciyawa ta rufe, wani kwazazzabo ya tsaga ta tun daga sama har ƙasa. A gefen kwazazzabon akwai layuka da suka ɗan taso a ƙarƙashin ciyawa. Na ajiye gishiri, na sa ƙafa na taka. Kunyoyi ne. Na durƙusa na yaye ciyawar. Duk manomi ya san huɗar bahago, ƙasarta ta ɗaya gefen take kifewa. Habu kuma yana da wata ɗabi'a, idan ya kai ƙarshen kunya sai ya yi mata ɗan tudu ya danne da diddige, kamar mai rufe tukunya. Ga tudun nan, ruwa ya cinye rabinsa.

"Kawu, ya zo nan."

"Ƙasa ce ta gaya maka?"

"Ita ce. Ta fi Garba gaskiya."

Mai gonar ya fito da adda a hannu, Mamadu ya yi mana tafinta. Ya ce tabbas, wani baƙo ya yi masa aiki don abinci, ya sassaƙa ƙota ya sa wa wani ƙaton ƙarfe, ya ce zai nuna musu noma. Ya ja kunyoyinsa daga sama zuwa ƙasa, yadda muke ja a gida su fuskanci fadama don ruwa ya samu hanya. Ruwa kuwa ya samu hanya. A yini ɗaya ya kwashe shinkafar da ƙasar da bukkar tsaro, ya kai wa mutanen kwari kyauta. Mutumin ya ce da ya san ni ɗan'uwan baƙon ne da bai ba ni ruwa ba. Daga baya matarsa ta biyo mu da dafaffen rogo a ganye.

Ranar na yi dariya har da hawaye, Mamadu ya ɗauka na taɓu. Daga nan na daina kwaikwayon fuskar Habu. Ƙauyen da muka shiga duk, gonaki nake fara dubawa kafin mutane.

Sai dai duwatsun nan ba su da iyaka, kunyoyin kuma sun yi ƙaranci. Ƙafata ta tsage, zazzaɓi ya kama ni, na kwanta a wata bukka ina jin ana kiran salla a Paki. Mamadu ya dafa mini wasu saiwoyi masu ɗacin da har yanzu in na tuna sai kunnena ya motsa. Da na miƙe, shinkafa ta fara ɗaukar ciki. Na ce masa Inna tsohuwa ce, ina tsoron in samo Habu in rasa wadda zan kai wa shi. Ya ce shi ma ya bar tasa uwar a Futa da niyyar wata uku, yanzu gemunsa ya yi fari.

Kunyoyi na biyu mun same su a bayan wani gari da ke maƙale a jikin dutse kamar gidan zanzaro. An kewaye su da ƙaya, an rataya ƙwaryar manja da gashin kaza a bakin wurin. Babu mai zuwa kusa. Dattijon garin ya ce wani baƙo ya roƙi fili, suka ba shi, da gari ya waye suka tarar ya jera kaburbura dogaye, alhali babu wanda ya mutu. Suka tambaye shi na su wa ne, shi kuma da ba ya jin yarensu ya yi murmushi ya nuna su duka da hannu, yana nufin kowa zai ci. Kafin rana ta take sun raka shi bayan gari da duwatsu.

"Ɗan Kaɗo," in ji Mamadu, "ƙanin nan naka, a gida ma haka yake da farin jini?"

"A gida ba ya nuna mutane da hannu, Kawu. Ni ke yi masa magana."

Na faɗe ta da wasa, amma ta zauna mini a ƙirji. Tun muna yara ni ne bakinsa. In ya yi ɓarna ni ke tsara bayani, in yana son abu ni ke roƙa. Ga shi ya zo ƙasar da ko ni bakina bai da amfani.

Dattijon garin ya nuna mana wani dutse can gabas, wanda kansa ke cikin gajimare, ya ce can ya nufa. Gishirin Mamadu ya kusa ƙarewa, hanyarsa kuma ba ta can ba ce. Ya yi ta mita, ya zagi Haɓe tun daga kakanninsu, ya ɗaure jakarsa ya shige gaba. Hawan nan ba zan kwatanta shi ba, don ko na faɗi gaskiya za a ce na ƙara. Shinkafa ta nuna a lokacin, mata na yankanta zangarniya ɗaya-ɗaya da 'yar wuƙa, suna waƙa. Muna ratsawa suna miƙo mana danƙi mu murtsuke mu tauna.

Da hantsi muka ɓullo ta wata kafaɗar dutse, sai na tsaya cak. Dawa. Dawa tsaye a tsakiyar shinkafa, ta fi rufin ɗaki tsawo, ganyenta na kaɗawa da irin ƙarar da na sani tun ina goye. Na jefar da jaka na sheƙa a guje da tsagaggiyar ƙafata, ina kiran sunansa. Kunyoyin sababbi ne, na bana. Wannan karon ya gane, ya ja su a gicciye suna bin ƙugun dutse, ruwa na kwance a tsakaninsu lafiya lau. Kowace da tudunta a ƙarshe, da sawun diddige. Na kamo kara ɗaya na lanƙwaso zangarniyar. Baƙa ce wuluk, ruwa ya ruɓar da ita, na murza babu ƙwaya ko ɗaya. Duk gonar haka take.

Ina bin kunyoyin ina kira, har na kai ƙarshen gona. A nan na ga wata guda ɗaya, gajera, ita kaɗai, ba ta bi layin sauran ba. Ba a shuka komai a kanta ba. An lailaye ta da tafin hannu, ƙasarta ba ta kife ta ko wane gefe ba, kuma babu tudu a ƙarshenta.

Mamadu ya iso yana haki. Na ce, "Kawu, wannan ba hannun Habu ba ne."

Ya cire hularsa ya sake mayarwa.

Wata tsohuwa ta gangaro daga bukka, ƙanƙanuwa, ba ta da haƙori ko na rantsuwa. Ta daɗe tana kallon fuskata, sannan ta kama kunnena ta ja, ta ce wani abu. Mamadu ya ce wai kunnenmu iri ɗaya. Ita ce ta tsince shi a hanya da ƙafa a kumbure, ba ta da ɗa, ta ba shi gefen gonarta. Damina biyu yana yi mata noma da itace. Bara ya shuka rabin irinsa bai samu komai ba, bana ya zuba sauran. Ya gaya mata da hannu cewa in dawar ta yi, zai yi mata wani abinci ta ɗanɗana, sannan ya tafi gida wurin tasa tsohuwar. Da zangarniya ta fara baƙi, zazzaɓi ya kwantar da shi. Bai kai sabon wata ba.

Na tambayi yadda aka sa shi. Ta ce su ba masu salla ba ne, amma sun lura kullum yana kai goshinsa wajen fitowar rana, sai suka miƙar da shi kansa na can. Garmarsa kuma suka sa masa a hannun hagu, don kada ya je ya zauna ba aiki. Suka yi masa kunya irin wadda yake so.

Na ja Mamadu gefe. "Kawu, sun sa shi ba daidai ba. Kai kudu ake yi, fuska gabas. In tona in gyara shi. In ɗauki garmar ma, Inna ta san ƙarfen nan da hannunta."

"Ba za ka tona ba."

"To me zan kai mata?"

"Ɗan Kaɗo, Allah ya san inda ya ajiye gabas. Matar nan da hannunta ta lailaye ƙasar nan, tana tsaye tana kallonka. Je ka yi alwala."

Muka yi masa salla mu biyu, Mamadu a gaba, dawa marar ƙwaya na kaɗawa a bayanmu. Na kwance tsumman ƙuguna. Abin da ruwa da tururuwa suka bari bai fi goro ba. Na ba tsohuwar. Ta lasa, ta rufe ido, ta gyaɗa kai, ta ce ya taɓa yi mata kwatancen wannan. Ta ba ni ɗan ƙullin shinkafa ja. A hanya yunwa ta sa na dafa.

Na iso Paki an gama kaka, a rame kamar sandar makiyayi. Kafin in kai ƙofar gida jama'a sun cika zaure, ana ta "Sale Ƙari ya dawo, yau akwai labari." Na wuce su na shiga ɗakin Inna, na durƙusa na gaishe ta. Ta shafa kaina, ta miƙa hannu bayana tana lalube.

"Yana ina?"

Na gaya mata. Ban sa gishiri ko ƙwaya ɗaya ba, tunda aka haife ni ban taɓa ba da labari tsirara irin wannan ba. Na faɗi gadar, da kwazazzabon, da kaburburan da ba kaburbura ba, da dawar da ta fi ɗaki, da gajeriyar kunya. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta yi 'yar dariya.

"Dawa ta fi ɗaki ba ƙwaya. Mutane su ga kunya su ce kabari. Kai Sale, ko kunyar idona ba ka ji? Ina garmarsa?"

"Tana tare da shi, Inna."

"To ka gani. Yana can yana noma. Ka gaji ne ka juyo, ban ga laifinka ba, hanya da nisa."

Liman ya zo ya yi mata magana, ta ce shi ma a bakina ya ji. Ta hana a yi sadaka, ta hana a raba gonarsa. Ni nake noma ta har yau, a ajiye damman a rumbu dabam, kuma a ƙarshen kowace kunya ina yin ɗan tudu in danne da diddige, ban san dalili ba. Mutanen zaure sun daina roƙona labarin Gini, sun ce ba shi da daɗi.

Bana ma, ranar da aka shigo da dami na ƙarshe, ta kira ni. Ta kama hannuna da nata biyu, sun yi sanyi kamar randa.

"Sale, aiki ya ƙare ko? Ka huta kwana biyu, sai ka koma. Wannan karon ka duba da kyau."

Na ce to, Inna.